Idon Manu da Bakin Inna

Yayana Manu ido ɗaya gare shi yanzu, na dama. Na hagun an cire shi a asibiti shekara biyu da suka wuce, aka ɗinke wurin. In kun bi hanyar da ta fita daga Kwandiko ta nufi rafi, za ku same shi a gindin ɗorawa yana tufka igiyar shanu, ga rama a jiƙe cikin kwano a gefensa. Zai amsa muku sallama, ya yi muku ban gajiya, daga nan ya koma kan igiyarsa. Baƙi sukan tambaye ni ko saniya ce ta soke shi. Ina ma saniya ce! Saniya ai ba ta tara jama'a, ba ta aikawa a sayo fetur. Mutane ne suka yi masa, masu salla, da rana tsaka.

Ni ce Safara'u, ƙanwarsa, shekara huɗu ya ba ni. A rugarmu ana cewa bakina ba shi da linzami, ni kuma ban taɓa musu ba. Tun da ciwon nan ya kama Manu abu ɗaya na sa a gaba, kada a kashe min shi, kada a sake sa masa mari a ƙafa. Duk wanda ya tsaya tsakanina da wannan sai ya ji daga bakina, har uwar da ta haife mu.

Mu Fulani ne a jini, amma Fulatancin ya bi kakanninmu kabari. Abin da ya rage mana shanu ne da dogon hanci da kunya, kunyar kuwa mun riƙe ta da hannu biyu. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna wa mutane cewa nata ne. Hausawan da muke zaune da su ma suna yi, amma namu ya fi tsanani, na Inna kuma ya fi na kowa. Manu shi ne ɗanta na fari. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarmu. In Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku" ko "wancan". In ta dama masa fura, ni za ta ba in kai. In ya shigo ɗaki yana neman wani abu, sai ta juya wa bango ta ce da bangon abin yana bayan tukunya. An ce yana ɗan shekara tara maciji ya sare shi, aka kawo shi tsakar gida ana ɗaure masa ƙafa, kowa na salati. Inna tana daka, ba ta ajiye taɓarya ba. Matan ruga suka yi shekaru suna yabonta a kan wannan, wai ita ce cikakkiyar mace. Abin da ba sa faɗa shi ne garin da ta daka ranar zubarwa aka yi, don hawaye ya jiƙa shi.

Manu ya tashi makiyayi na gaske. Dogo ne, fari, ba ya son surutu. In ya tsaya a bakin garke ya yi kira sau ɗaya, shanunmu za su ɗago kai su taho, ko suna cikin na mutane. Akwai wata farar saniya da ya sa wa suna Tattabara, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai yana tsaye a wurin. Ya san wadda za ta yi ciwo tun kafin ta daina cin ciyawa. Baba yakan ce da mu yara uku ya haifa, amma makiyayi ɗaya.

Baba ya rasu Manu na da shekara ashirin da uku. Daminar da ta biyo baya muka fara ganin canji a wurin Manu. Sai ya tsaya a tsakiyar fili ya karkata kai, kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Ya daina wanka sai an yi da gaske. Yana dariya shi kaɗai, yana amsa "na'am" ba wanda ya kira shi. Da na matsa masa, ya ce min Baba ne yake masa magana daga tsamiyar bakin rafi, yana ce masa ya mai da shanu gabas, ko ya duba kofaton Tattabara. Wani lokaci kuma tsofaffin mata ne suke masa faɗa wai bai rufe kabarin Baba da kyau ba. Ba ya jin tsoronsu, gajiya kawai suke sa shi.

Mutanen ƙauye suka ce gamo ya yi, tsamiyar nan da ma ba a zuwa gindinta da rana tsaka. Aka yi masa tofi, aka ba shi rubutu ya sha, aka bar shi da shanunsa. Gaskiya ce zan faɗa, ƙauye ya yi masa adalci a waɗannan shekarun. Kowa daga Kwandiko har Fagam ya san shi, ya san ubansa. In an gan shi yana magana da iska sai a ce Manu ne, a wuce. Shekara huɗu aka yi a haka, ni ma har na yi aure a nan kusa, gidan Nuru mai gyaran babur.

Sai ranar da muryar Baba ta ce masa ya ratsa da shanu ta cikin gonar dawa, shi kuma ya ratsa. Mai gonar ya fito da fartanya ya sari Tattabara a cinya. Manu bai taɓa dukan mutum ba a rayuwarsa, amma ranar ya ɗaga sanda sau biyu, ya karya wa mutumin hannu, ya fasa masa kai. Maza huɗu ne suka danne shi, suka ɗaure shi da igiyar da shi da kansa ya tufka.

Ƙanen babanmu, Baffa Zulkifli, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Yana da rumfar hatsi a Kano, ya zo da mota, ya ce aljanin ya fara taɓa mutane, dole a kai shi inda za a fitar da shi. Aka kai shi gidan wani malami a wani ƙauye can gaban Fagam. Ba zan ɓata wa malamai suna ba, malaman makarantar allon garinmu har gida suka zo suka ce kada a kai shi. Amma Baffa ya riga ya yanke. Inna tana zaune aka yi shawarar, aka tambaye ta, ta ce ita ba ta da ta cewa a kan wancan.

Wata huɗu aka hana mu ganinsa. Ranar da na matsa Nuru ya kai ni, na same shi a wani zaure mai duhu tare da mutum bakwai, kowa da mari a ƙafa, an zura sarƙa ɗaya ta cikinsu. Ƙarfen ya ci naman idon sawunsa, ƙudaje na bin wurin. Bayansa kuwa babu inda za ka ɗora yatsa ba ka taɓa shatar dorina ba. Kowace safiya ana rufe shi da bargo a tura masa hayaƙin barkono har ya suma, in ya farfaɗo a tambayi aljanin sunansa, in bai faɗa ba a ɗauko dorina. Malamin ya ce min in kwantar da hankalina, ba Manu ake duka ba, aljanin ake duka. Na ce to ya nuna min bayan aljanin in ga ko shi ma ya fashe. Na ɗauki tukunyar hayaƙin na rotsa ta a ƙofar zauren, na ce in ba a kawo makulli ba daga nan ofishin 'yan sanda na nufa. Aka kwance shi. A kan babur muka dawo da shi, yana tsakiyarmu, ina riƙe da shi kada ya faɗi. Da muka iso Inna ta leƙo, ta ga ƙafafun, ta koma ɗaki. Can sai ga man shanu a ƙoƙo ta aiko a shafa wa wancan.

Ya yi shekara uku yana ɗingishi a bayan shanu, muryoyinsa na nan yadda suke. Daga nan Baffa ya sake zuwa da sabuwar dabara. Wai daji ne yake riƙe da ciwon, in ya bar tsamiya da rafi ya shiga birni ya ga mutane, zai warware. Aka sayar da rabon Manu na shanu, har da Tattabara, aka tafi da shi Kano yana ɗaukar buhu a rumfar Baffa. Kuma aka yi shawara ba za a gaya wa kowa yana da ciwo ba, don abin kunya ne. Kunya dai, kullum kunya.

Shekarun nan ne kuwa maganar masu satar mutane ta cika gari, kuma in an ce mai satar mutane, fuskar da ke zuwa wa jama'a irin ta Manu ce. A ƙauye shi Manu ne ɗan wane. A birni ba wanda ya san ubansa, dogon Bafillace kawai suke gani mai magana shi kaɗai. 'Yan dako na kiransa Ɗan Fillo, suna tambayarsa a wane daji suka ɓoye mutane, ina ya ajiye bindigarsa. Su wasa suke, in ji su. Amma kunnen Manu ba ya zubar da abin da ya ji. Cikin wata biyu muryar Baba ta yi shiru, tsofaffin matan ma suka tafi. Waɗansu suka maye gurbinsu, mugaye. Daga wayoyin mutane suke fitowa, da lasifikar masu tallar magani, da taransifomar bakin kasuwa. Suna cewa ga shi nan, an ɗauki hotonsa, an san shi, yau za a ƙona shi. Manu da bai taɓa tsoron kura ba ya koma ɓuya a bayan buhuna.

Wata rana wani mai sayen gero ya tsaya a gabansa yana danna waya. Manu ya fizge ta ya taka da ƙafa. Kafin Baffa ya iso an karya masa haƙarƙari biyu da haƙori ɗaya. Baffa ya sa shi a motar hatsi ya turo mana shi kamar buhun da ya ɓaci. Ya dawo ƙauye, amma muryoyin birni ba su tsaya a birni ba, tare suka zo. Ko wayar Nuru ta yi ƙara sai ya ruga bayan rumbu.

A nan ne na daina neman shawarar kowa. Na sa Nuru ya nemo mota muka kai shi asibiti a Birnin Kudu. Likitan ya zauna da shi fiye da awa guda, ya tambaye shi me suke cewa, tun yaushe, daga ina suke fitowa. Ya faɗi sunan ciwon, sikizofireniya, sai da na sa ya maimaita sau uku. Na tambaye shi kai tsaye ko ciwon Fulani ne, don haka aka fara cewa a ƙauye. Ya yi dariya, ya ce in leƙa layin da ke waje in gani, Bahaushe na nan, Babarbare na nan, Inyamuri na nan. Ya ce a masu zuwa wurinsa, na ƙauye sukan zo masa da aljanu da matattu, na birni su zo da waya da 'yan sanda, don ciwon da abin da ya tarar a kunnen mutum yake magana. In mutane sun yini suna ce maka ɓarawo, ciwon ba ya buƙatar ƙirƙiro wata kalma. Ya rubuta allura, sau ɗaya a wata, ya ce kada a kuskura a tsallake. Aka ba mu kati.

Wallahi allurar nan ta yi aiki. Tana sa shi barci da nauyin jiki, amma muryoyin suka yi nisa, ya ce kamar ana magana a wata ruga. Ya fara wanka, ya koma kiwon shanun Inna. Shekara ɗaya da rabi ni nake kai shi, ban taɓa fashi ba.

Sai daminar da na haihu. Ruwa ya cinye hanya, ni kuma ina jego, Nuru ya tafi Bauci neman kayan gyara. Allura ta wuce da sati uku. Na ga ya fara karkata kai, na ce ba za a ƙara kwana ba. Babu mai kai shi sai Inna. Na ba ta katin, ta ƙulle shi a haɓar zani. Na roƙe ta ta zauna kusa da shi a mota. Ta kalle ni kamar na ce ta fita ba ɗankwali. Direban ya gaya min daga baya cewa Manu gaba ya zauna, ita can kujerar ƙarshe, har suka yi nisa bai san tare suke ba.

Motar ta tsaya a wata kasuwar mako da ke kan hanya tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Ba zan kama sunanta ba, akwai mutanen kirki a garin. A satin an sace wani ɗan kasuwa a yankin, ana ta cewa akwai masu kai wa ɓarayin rahoto. Manu ya sauka ya tsaya a gefen mota, hannu a kunne, yana amsa wa muryoyinsa. Wani ya ji yana cewa sun zo, suna da yawa, ga su nan a bakin tasha. Mutumin ya ciro waya ya fara ɗaukarsa. Manu ya kaɗe wayar. Mutumin ya yi ihu ya ce infoma.

Abin da ya biyo baya ba labari aka ba ni ba, da idona na gani, don wani marar tsoron Allah ya ɗauka a waya, ya yi ta yawo har ya iso wayar Nuru. Minti shida ne. Na kalle shi ya fi sau ɗari.

Da mari aka fara, sai sanduna, sai wani ya ɗauko bencin mai shayi. Manu ya faɗi ya tashi ya faɗi. Bai rama ba, hannuwansa na kansa. Ana cewa a dubi fuskarsa ma, irinsu ne, su ne suka hana mu barci. Wata mata mai tallar gyaɗa ta ajiye farantinta ta nemo dutse. Aka yage masa riga ana neman waya ko bindiga, da aka ga tabon dorina a bayansa sai aka ce ga shaida, tsohon ɓarawo ne. Wani dattijo, shugaban 'yan kamasho, ya ratsa ya tsaya a kansa ya ɗaga hannu, taron ya ɗan lafa.

"Akwai wanda ya san shi?" in ji dattijon. "In akwai wanda ya san mutumin nan ya yi magana."

A gefen hoton, taku goma daga inda yake kwance, ga Inna a tsaye. Mayafinta shuɗi, hannunta ɗaya na kan haɓar zani inda katin yake. Dattijon ya sake tambaya. Bakinta yana motsi, ina ganinsa yana motsi, babu abin da ya fito. Ya tambaya karo na uku. Ta sunkuyar da kai, kamar yadda take yi in Manu ya shigo ɗaki.

Aka ture dattijon. Wani saurayi ya zo da ƙarfen kwance taya ya sauke masa a fuska, a gefen hagu. Ƙarar da Manu ya yi ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba, sai a bakin sa ranar yanka. Aka mirgino taya, aka rataya masa a wuya. Wani ya taho da galan, wani yana tambayar wa ke da ashana.

Sai a lokacin bakin ya buɗe.

"Manu! Manu! Ɗana ne! Ni na haife shi!"

Ta ratsa su, mayafi ya faɗi, ɗankwali ya faɗi, tsohuwa mai furfura ta kwanta a kan ɗanta a tsakiyar kasuwa. Sandar da aka riga aka ɗaga ta sauka a kafaɗarta ta karya ƙashin. Fetur ɗin da aka fara zubawa rabi a bayanta ya zuba. Da hannu ɗaya ta kwance katin ta ɗaga sama, tana cewa ba shi da lafiya, asibiti za ta kai shi, ga takardarsa. Dattijon ya karɓa ya karanta da ƙarfi. Sai ka ga mutane suna ja da baya, kowa na duba wani wuri, mai galan ya ajiye shi a hankali ya shige cikin kasuwa. Nan hoton ya ƙare.

Na isa asibitin da jaririya a baya, jego ko oho. An riga an shiga da Manu ɗakin tiyata. Inna na zaune a baranda, an ɗaure mata kafaɗa, tana warin fetur. Ban gaishe ta ba. Na ce mata sau uku aka tambaya. Na ce da ta yi magana a ta farko da idonsa na nan. Na ce ta je ta gaya wa matan ruga su ƙara yabonta, ta cika mace, ta riƙe kunya har an ƙwaƙule wa ɗanta ido. Na faɗi abin da ya fi wannan, wanda har yanzu nake neman gafarar Allah a kansa. Ba ta ɗago ba.

"Na buɗe bakin," ta ce. "Sunan ne ya ƙi fitowa. Shekara talatin da huɗu ina danne shi, ban san ta inda ake fara shi ba."

Na bar faɗan. Na zauna a can ƙarshen bencin na ba 'yata nono.

Bayan kwana uku Manu ya farfaɗo sosai, rabin fuskarsa a naɗe. Nas ta zo da allurarsa ta wata, wadda saboda ita aka fito. Ya janye hannu ya cusa a ƙarƙashin bargo. Aka lallashe shi, ya ƙi. Likita ya zo da kansa, ya ƙi. Da suka fita na zauna a bakin gadon na ce ya gaya min dalili, ko in ci mutuncinsa a gaban mutane. Ya jawo ni kusa ya yi ƙasa da murya. Ya ce a kasuwar nan, lokacin da aka sa masa taya, wata sabuwar murya ta zo. Muryar Inna ce, ta kira sunansa sau biyu, ta ce ita ta haife shi. Ya ce ya san ciwo ne, ba sai an gaya masa ba, Inna ba ta yin haka. Amma duk shekarun nan ba a taɓa aiko masa da murya mai daɗi irin wannan ba, in aka yi masa allura za ta tafi tare da sauran. A bar masa ita, ya yarda ya zauna da mugayen.

Na rantse masa da Allah Inna ce da kanta. Ya yi murmushi ya ce ni da ma na iya lallashi. Na ciro wayar Nuru zan nuna masa, ya ga waya ya ja bargo ya rufe kansa, na mayar. Kwana biyu muna haka, yana ƙara karkata kai, ya fara cewa fankar ɗakin na kiransa ɓarawo. Baffa Zulkifli ya iso daga Kano da lemo a leda, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa tun da ya ƙi maganin asibiti, akwai wani malami a wajen Kangire da ake yabo, yana da ɗaki mai ƙarfi. Na ce masa in ya sake ambatar ɗaki mai ƙarfi a gabana, shi za a fara kwantarwa a gadon kusa.

Na fita baranda. Duk kwanakin nan Inna a nan take wuni, ba ta taɓa shiga ɗakin ba, abinci ma ni take ba in kai wa wancan. Na gaya mata abin da ya ce, ban rage komai ba. Na ce in bai karɓi allurar nan ba, ko mari ko wata kasuwar, ɗaya zai same shi, kuma wannan karon ba za a tambaya sau uku ba. Ta ce a kasuwa ai ba ta cikin hankalinta. Ta ce ɗakin cike yake da maza, ga ƙanen mijinta a tsaye. Na ce na sani. Na kama hannunta mai lafiya, ban ja ta ba, na dai riƙe.

Ta tashi. Gado goma sha biyu ne a ɗakin, kowanne da masu jinya, ga Baffa, ga nas da allura a faranti. Inna ta tsaya a ƙafar gadon, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Bakin ya yi motsi sau ɗaya ba sauti, na ce a raina shi ke nan, mun koma.

"Manu," ta ce. "Miƙa hannunka."

Bai kalle ta ba. Ni ya juyo ya kalla da idon da ya rage.

"Safara'u, ke ma kin ji?"

"Na ji."

"Daga waje?"

"Daga waje. Ga ta nan tsaye."

Ya juya ya kalle ta. Sannan ya zaro hannun daga bargo ya miƙa wa nas.

Har yau ba ta ba shi abinci hannu da hannu, ba ta zama inda yake zaune. Matan ruga sun daina yabonta, wata ma ta ce tsufa ya cire mata kunya, na bi ta har gida in ji ko za ta maimaita. Amma duk ranar allura, da safe, Inna takan fito ta tsaya nesa da gindin ɗorawa, ta juya wa hanya baya ta kira shi sau ɗaya. Shi kuma ba ya amsawa nan take. Sai ya ajiye igiya ya nemo ni da ido, in gyaɗa masa kai, sannan ya ce na'am.